Yadda Ake Zana Hanyoyin da ke Shiga Cibiyoyin Cikin Ƙaramar Ƙwaƙwalwa

Idan aka tambayi ɗalibin likitanci a nan Yamai inda cibiya mai haƙora ta ƙaramar ƙwaƙwalwa take aika saƙonta, galibi amsar tana bakinsa: ta gadar sama, a tsallake tsakiya, a ratsa jar cibiya da ke saman kututturen ƙwaƙwalwa, a isa talamus, zangon da saƙo ke bi kafin ya kai ɓawon babbar ƙwaƙwalwa. Amma da zarar an juya tambayar, an ce wa yake yi wa cibiyar magana, ta wace ƙofa yake shigowa, kuma zuga ta yake yi ko hana ta, sai ka ga hannu ya nufi ƙeya. Na daɗe ina zaman bita da ƙannena masu shirin jarrabawar ilimin sassan jiki, kuma abin da na tabbatar shi ne, wanda bai san abin da ke shiga waɗannan cibiyoyi ba, haddar abin da ke fita daga cikinsu ba za ta taimake shi a gaban majinyaci ba. Hanyar da zan shimfiɗa ta zane ce da hannu, domin wannan darasi ba ya zama a ka sai hannu ya ja layin da kansa, ido kuma ya ga inda layin ya tsallaka.

Ku tanadi babbar farar takarda, ku kwantar da ita a faɗinta, da bik huɗu, baƙi da ja da shuɗi da kore, da fensir guda. In da hali ku kasance biyu, ɗaya yana zana, ɗaya yana yi masa tambaya.

Tun da da Faransanci muke karatu, bari mu daidaita kan sunaye. Ƙaramar ƙwaƙwalwa ita ce sarbele, wadda ke zaune a ƙeya. Cibiyoyinta na ciki, wato tarin ƙwayoyin jijiya da ke binne a cikinta, huɗu ne a kowane gefe a jikin ɗan Adam. Daga waje zuwa tsakiya, akwai cibiya mai haƙora, wato dantele, wadda ta fi sauran girma nesa ba kusa ba. Sai matoshi, wato amboliform, da ke zaune a bakin mai haƙora kamar marfin tulu. Sai ƴar dunƙule, wato gulobule. Sai cibiyar rufi, wato fastijiyal, a saman kogo na huɗu, ramin ruwan ƙwaƙwalwa da ke gaban ƙaramar ƙwaƙwalwa. Matoshi da ƴar dunƙule akan haɗa su a ce musu cibiyoyin tsakani. Ƙafafu ukun da suka haɗa ƙaramar ƙwaƙwalwa da kututturen ƙwaƙwalwa zan kira su gadoji, shi kuma kumburarren sashen nan na gaban kututture zan kira shi tozo, domin kada sunansa na littafi, wanda shi ma gada yake nufi, ya rikita mu.

Ku fara gani da ido

Kafin ku taɓa bik, ku nemi kan rago. A lokacin Layya ba ya wuya, a sauran ranaku kuma ana samunsa wurin mahauta da sassafe. Ku roƙi mahaucin ya buɗe ƙoƙon kan a hankali daga wajen ƙeya, kada ya sara shi biyu kamar yadda ake yi wa na tukunya, domin saran tsakiya kan abin da muke nema yake sauka. Ɗanyar ƙwaƙwalwa tana da laushi ƙwarai, wuƙa ba ta yanka ta sai dai ta dame ta, saboda haka ku sa ta a ɓangaren ƙanƙara na firigo har ta ɗan yi tauri, ko kuwa a ɗakin gwaji a jiƙa ta cikin formol mai kashi 10 cikin 100 na mako ɗaya zuwa biyu. Formol guba ne: a sa safar hannu, a yi aikin inda iska ke shiga, kuma abin da ya shiga cikinsa ba ya komawa ga masu dafuwa.

Ku yanka ƙaramar ƙwaƙwalwar daidai tsakiya, daga gaba zuwa baya. Za ku ga farin sashe ya yi rassa a cikin ɓawo mai ruwan toka, siffar da masana na da suka laƙaba wa suna bishiyar rayuwa. Daga nan ku ɗauki rabi guda ku yi ta yanka shi siriri-siriri kuna matsawa waje. A gindin bishiyar, cikin farin, kusa da rufin kogo na huɗu, akwai ƴan tabo masu ruwan toka da ba su cika fitowa sosai ba. Su ne cibiyoyin. A rago ba za ku ga haƙoran ba, domin wannan lanƙwasa mai kama da bakin jakar da aka zuge ta fi bayyana a jikin mutum da birai. Abin da nake so ya zauna muku shi ne ƙanƙantarsu idan aka gwada su da ɓawon da ya lulluɓe su. Ƙaramar ƙwaƙwalwar mutum kusan kashi 10 cikin 100 ce ta nauyin ƙwaƙwalwa, amma ƙididdigar da Suzana Herculano-Houzel da abokan aikinta na Barazil suka fitar a 2009 ta nuna tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 69 daga cikin biliyan 86, kuma kusan dukkansu a ɓawo suke. Duk aikin da wannan taro yake yi, in ban da ɗan abin da ke zarcewa cibiyoyin daidaito da ke kututture, masu kula da tsayuwar jiki, ta waɗannan ƴan tabo yake fita.

Shimfiɗar zanen da baƙin bik

Ku ja layi a tsaye a tsakiyar takarda, shi ne tsakiyar jiki, kuma duk inda wani zare ya ƙetare shi ku sa masa ɗigo babba. Ƙaramar ƙwaƙwalwa ta dama kawai za ku zana. A sama ku ja doguwar ɗamara a matsayin ɓawo, ku raba ta uku: tsutsa, wato siririn sashen da ke jikin layin tsakiya, gefen tsutsa, sai faffaɗan ɓangaren waje. A ƙarƙashin tsutsa ku sa cibiyar rufi, a ƙarƙashin gefen tsutsa cibiyoyin tsakani, a ƙarƙashin faffaɗan ɓangare kuma mai haƙora. Wannan rabo na uku Jan Jansen da Alf Brodal na Oslo ne suka kafa shi a 1940, kuma shi ne ƙashin bayan duk abin da zai biyo. A ƙasan takarda ku zana kututture: tozo a sama, bulbu a ƙarƙashinsa, laka tana sauka daga nan.

Sai gadoji. Duk wanda yake zuwa Jami'ar Abdou Moumouni daga cikin gari ya san ba a isa Harobanda da mota sai ta ɗaya daga cikin gadoji uku: ta Kennedy, ko ta abokantakar Sin da Nijar, ko ta Janar Seyni Kountché. Haka ƙaramar ƙwaƙwalwa take da kututture, sai dai ita uku gare ta a kowane gefe. Gadar ƙasa galibi ta shiga ce, daga laka da bulbu. Gadar tsakiya, wadda ta fi kauri, ta masu shigowa daga tozo ce. Gadar sama galibi ta fita ce. Ku ajiye ƙa'ida guda: kada ku zana zaren da ba ku faɗi gadarsa da babbar murya ba.

Jan bik: ƙwayoyin Purkinje

Da ja za ku fara, kuma a nan za ku fi daɗewa. A kowane yanki na ɓawo ku zana ƙwayar Purkinje guda, da rassanta a baje kamar mafici, ku sauko da zarenta zuwa cibiyar da ke ƙarƙashinta, ku kauraro layin, ku sa alamar ragi a ƙarshensa. Sunan na Jan Purkinje ne, masanin ƙasar Cek da ya bayyana su a 1837. Abubuwa biyu ne ba a sassauci a kansu. Na farko, zaren Purkinje shi kaɗai ne hanyar fita daga ɓawon ƙaramar ƙwaƙwalwa. Na biyu, hani ne kawai yake ɗauke da shi, ta hanyar sinadarin GABA. Masao Ito da Mitsuo Yoshida ne suka nuna haka a Tokiyo a 1964 cikin gwajin da suka yi da kyanwoyi, a lokacin da yawancin masana suke ɗauka cewa ƙwaya mai dogon zare zugawa take yi, hani kuwa aikin masu gajeren zare ne. Ku ƙare layin a jikin ƙwayar cibiyar kanta da gindin rassanta, domin a nan mahaɗun Purkinje, wato wuraren da zarenta ke miƙa saƙo ga wata ƙwaya, suka fi taruwa, kuma su ne mafi rinjaye a cikin mahaɗun da ƙwayar take karɓa.

A nan mai tambaya ya kamata ya tsayar da mai zane ya ce masa: idan ɓawo ba ya iya cewa komai sai "a'a", ta yaya saƙo yake fita? Amsar ita ce ƙwayoyin cibiyar ba sa jiran a tashe su. Ko a yankin ƙwaƙwalwa da aka raya a ɗakin gwaji, aka toshe duk mahaɗun da ke shigo musu, suna ci gaba da bugu da kansu sau gommai a cikin sakan ɗaya. Ku ɗauke su kamar ingarman doki mai zafin nama wanda ba ya bukatar bulala, ƙwayoyin Purkinje kuma su ne linzami. Su ma ba sa hutawa, suna bugu wajen sau 50 zuwa 100 a sakan, ma'ana linzamin kullum a riƙe yake. Mahayi yana sarrafa dokin da ƙara ja da kuma sassautawa, kuma sassautawar ita ce umurnin tafiya. An kuma ga cewa idan aka danne ƙwayar cibiya da hani mai ƙarfi sannan aka sake ta farat ɗaya, takan zabura da bugu fiye da yadda take yi a da. A yankin ƙwaƙwalwa an tabbatar da wannan zabura sarai. Yawan amfanin da dabba mai rai take yi da ita kuwa, masana suna muhawara a kai har yanzu, don haka ku rubuta ta da fensir a gefe.

Ƙwayar cibiya guda ba linzami guda ke riƙe da ita ba. Abigail Person da Indira Raman sun ƙiyasta a 2012 cewa a ɓera ƙwayoyin Purkinje wajen 40 ne suke haɗuwa a kan kowace ɗaya, kuma sun nuna cewa lokacin bugun yana da muhimmanci kamar yawansa. Ku tuna tsakar gida a ranar biki, mata da yawa suna daka. Idan kowa tana sauke taɓarya a nata lokacin, ƙarar ba ta yankewa, babu wanda zai iya sa baki a ji shi. Idan kuwa suka daidaita suna saukewa tare, ko da yawan dukan bai ragu ba, sai shiru ya samu tsakanin duka da duka. A cikin wannan shirun ne ƙwayar cibiyar take samun damar bugu. Saboda haka ku ƙara jajayen layuka uku ko huɗu a kan ƙwaya guda, domin zanen ya riƙa tuna muku da wannan haɗuwa.

Jan layi biyu sun rage, kuma su aka fi mantawa. Daga ɗan sashen da ake kira fulokulo-nodiler, da kuma wani siririn yanki da ke cikin tsutsa ta bakinta na waje, zaren Purkinje yana wuce cibiyoyin ciki ya fita zuwa cibiyoyin daidaito da ke kututture, waɗanda ke karɓar saƙon kunnen ciki. Ta fuskar aiki, waɗannan cibiyoyi ƴan uwan na ciki ne da suka zauna a waje. A kan ɗayarsu, cibiyar Deiters, Ito ya yi gwajinsa.

Shuɗin bik: zaruruwa masu gansakuka

Santiago Ramón y Cajal na Sifen, wanda ya raba kyautar Nobel da Camillo Golgi a 1906, shi ne ya bayyana manyan zaruruwa biyu masu shigowa, ya ba su suna daga siffarsu: masu gansakuka, saboda ƙarshensu ya yi tsiro-tsiro, da masu hawa. Dukansu zugawa suke yi ta hanyar sinadarin gulutamat, don haka alamar ƙari za ku sa musu.

Masu gansakuka daga wurare da yawa suke tasowa. Mafi yawansu daga tozo ne, inda babbar ƙwaƙwalwa take sauke kwafin abin da take shirin yi. Ku taso da layin daga tozon hagu, ku ƙetare tsakiya, ku shiga ta gadar tsakiya ta dama, ku nufi faffaɗan ɓangare. Daga laka akwai hanyar baya, mai tasowa daga jerin ƙwayoyin da ake kira ginshiƙin Clarke, ɗauke da labarin tsokoki da gaɓoɓin ƙafa, wadda ba ta ƙetare tsakiya, ta gadar ƙasa take shiga. Takwararta ta hannu tana tasowa daga bulbu, ita ma ta gadar ƙasa. Akwai kuma hanyar gaba, wadda ta saɓa wa sauran: tana ƙetarewa a laka, ta hau har gadar sama, yawancin zaruruwanta su sake ƙetarewa a ciki, su dawo gefen da suka taso. Sai masu zuwa daga cibiyoyin raga na kututture, waɗanda ƙwayoyinsu ke saƙe kamar raga, da masu zuwa daga cibiyoyin daidaito, waɗanda suka fi karkata ga tsutsa da cibiyar rufi.

Abin da ya shafe mu shi ne reshen da zaren yake yarwa a hanya. Kafin ya kai ɓawo, yana ratsa farin sashe kusa da cibiyoyi, sai ya ba da reshe ga cibiyar, shi kuma ya wuce sama. A ɓawo yana zuga ƴan ƙananan ƙwayoyin tsaba, su kuma su miƙa zaruruwansu masu jerawa su ratsa rassan Purkinje, inda kowace Purkinje take karɓar mahaɗu sama da 100,000. Ku ƙidaya da yatsa: hanyar kai tsaye mahaɗa guda ce, hanyar ɓawo kuwa uku ce, daga zare zuwa tsaba, daga tsaba zuwa Purkinje, daga Purkinje zuwa cibiya. Ke nan labari guda yana isa ga cibiyar sau biyu, da farko a matsayin zuga, jim kaɗan kuma a matsayin hanin da aka tace.

A nan ina da gyara ga zanen da aka saba gani, wanda ke nuna kowane zare da reshensa daidai wa daida. Ba haka abin yake ba. Zaruruwan laka da na cibiyoyin raga suna ba da rassa masu kyau, amma na gindin tozo, duk da yawansu, kaɗan ne daga cikinsu suke tsayawa a cibiya. Don haka reshen tozo zuwa mai haƙora ku yi shi da tsinke-tsinken layi, na laka da raga zuwa cibiyoyin tsakani da ta rufi kuma da cikakken layi. Kaurin layi ma ilimi ne, kuma zanen da ya daidaita komai ya ɓoye gaskiyar cewa Purkinje ce ke da rinjaye.

Koren bik: zaruruwa masu hawa da da'irar zaitun

Waɗannan tushensu guda ne tak, cibiyar da ake kira zaitun na ƙasa, da ke bulbu. Ku zana shi a hagu, ku ƙetare tsakiya, ku shiga ta gadar ƙasa ta dama. Zaren yana hawa ya nannaɗe rassan Purkinje kamar yadda yaɗo ke nannaɗe darni, kuma ƙa'idar da ake koyarwa ita ce kowace Purkinje ta baligi zare mai hawa guda take karɓa. Ba ya yawan magana, kusan sau ɗaya a sakan, amma idan ya yi, ƙwayar ba ta iya ƙin amsawa: tana yin wani bugu mai sarƙaƙiya, sannan ta ɗan yi shiru. Shi ma yana yar da siririn reshe a cibiya. Ku sirantar da shi, domin kaso kaɗan ne na mahaɗun da ke wurin. Ƙwayoyin zaitun suna manne da juna ta mahaɗun lantarki, abin da Rodolfo Llinás da abokan aikinsa suka nuna a 1974, shi ya sa sukan yi bugu rukuni-rukuni, su sa ƙwayoyin Purkinje na yanki guda su sauke taɓarya tare.

Ku raba zaitun uku: babba guda, da ƙanana biyu da ake kira mataimaka. Babban zaitun yana kai wa mai haƙora da faffaɗan ɓangare. Mataimakin baya yana kai wa matoshi. Mataimakin tsakiya ya rabu biyu, rabinsa na sama ga ƴar dunƙule, na ƙasa ga cibiyar rufi. Yanzu ku duba tsarin da ya fito: yankin zaitun da ke ba wata cibiya reshe, shi ne kuma yake hawa kan ƙwayoyin Purkinje da ke hana wannan cibiyar. Wannan tsari na dogayen ɗamaru Jan Voogd na Holan ne ya fara fito da shi a 1964, kuma ya nuna rabon Jansen da Brodal na uku yana da ƙananan rabe-rabe a cikinsa.

Ku rufe da'irar da jan bik. A cikin cibiyar akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu GABA waɗanda zarensu ke fita ta gadar sama, ya ƙetare, ya sauka kan daidai yankin zaitun da ya aiko musu. Ko da yake wannan layin fita ne, ba na yarda a bar shi, domin shi ne yake ƙayyade yawan abin da zai shigo ta koren layi. Kusa da shi ku zana alwatikar da likitocin Faransa biyu, Georges Guillain da Pierre Mollaret, suka bayyana a 1931: mai haƙora a gefe guda, jar cibiya da zaitun a ɗaya gefen. Idan ciwo ya yanke hanyar da ke sauka ga zaitun, bayan wasu watanni zaitun ɗin yakan kumbura maimakon ya motse, majinyacin kuma yakan samu wani karkarwar ganda mai tafiya a kan kari.

Da fensir ku yayyafa ɗigo a kan dukkan cibiyoyi, ku rubuta sunayen sinadarai uku a gefe: serotonin daga kututture, noradirenalin daga shuɗin tabo na tozo, da histamin daga hipotalamus. Waɗannan ba su ɗauke da labarin wani motsi takamaimai, suna dai ɗaga ko sauke shirin ƙwayar na amsawa. Ku ƙara ƴar ƙwaya guda a cikin cibiya mai gajeren zare da alamar ragi, a madadin masu hani na cikin gida, masu GABA da gilisin.

Ku sa zanen aiki

Zanen da ba a yi masa tambaya ba ado ne kawai. Tambaya ta farko: ku ɗora yatsa a ɓawon motsi na babbar ƙwaƙwalwa ta hagu, ku bi har hannun da zai motsa, kuna ƙidaya ɗigon ƙetarewa. Daga hagu zuwa tozon hagu, a ƙetare zuwa ƙaramar ƙwaƙwalwa ta dama, daga mai haƙora ta dama a ƙetare zuwa talamus na hagu, a koma ɓawon hagu, a sauka a ƙetare a bulbu zuwa hannun dama. Wanda ya bi wannan da yatsarsa ba zai sake mance dalilin da ya sa ciwon ƙaramar ƙwaƙwalwa yake bayyana a gefen da yake ba.

Ta biyu: zaruruwa masu jerawa suna kuma zuga wasu ƙwayoyin ɓawo da ake kira na kwando da na tauraro, waɗanda ke hana Purkinje. Idan ƙwayoyin kwando suka yi bugu, me zai faru a cibiya? Hani ya hau kan mai hani, linzami ya sassauta, cibiyar ta ƙara bugu. Duk wanda ya amsa wannan ba tare da jinkiri ba ya fahimci zanen.

Ta uku gwaji ne na gaske, wanda Richard Thompson da ɗalibansa suka yi da zomaye a Amurka a farkon shekarun 1980. Ana kaɗa wa zomo wani sauti, jim kaɗan a hura masa iska a ido. Bayan maimaici da yawa, sai ya koyi rufe ido da jin sautin, kafin iskar ta iso. Ku nemo hanyar kowane saƙo a zanenku: sautin ta shuɗin layi yake shigowa daga tozo, iskar kuma ta koren layi daga mataimakin baya, su haɗu a wuri biyu, a kan Purkinje da kuma a cibiyar tsakani ta gaba, takwarar matoshi. Da aka lalata wannan cibiya, rufe idon da aka koya ya ɓace, amma zomon bai daina ƙifta ido ba idan iskar ta taɓa shi. Daga baya Michael Mauk da abokan aikinsa suka nuna cewa idan ɓawon aka lalata, aka bar cibiyar, amsar tana nan amma lokacinta ya ɓaci, tana zuwa da gaggawa. Wannan ya dace da ra'ayin David Marr na 1969 da James Albus na 1971 cewa zare mai hawa malami ne da ke gyara ƙarfin mahaɗun Purkinje, ra'ayin da Ito ya samo wa hujjar gwaji a 1982.

A gefen gadon majinyaci

Ku ninke takardar ku sa a aljihun farar riga. Idan majinyaci ba ya iya zama ko tsayawa ba tare da tangaɗi ba, yana tafiya ƙafa a wawware, alhali a kwance hannuwansa suna aiki daidai, ku duba ginshiƙin tsutsa da cibiyar rufi. Idan kuwa a gwajin yatsa da hanci hannun yana zarce wuri, yana ƙara karkarwa yayin da ya kusa isa, ko ya kasa juya tafin hannu da sauri, alamar da Joseph Babinski ya bayyana a 1902, ku duba ginshiƙan waje a gefen hannun. Karkarwar takan fi tsanani, warkewa kuma ta fi wuya, idan ciwon ya taɓa cibiyar kanta ko gadar sama, fiye da idan ɓawo kawai ya shafa, tun da ɓawo yana da faɗi, mafita kuwa ƙunci gare ta.

Sannan ku tambayi kanku wane launi ne ya lalace. Ƙwayoyin Purkinje ba sa jure zafi, kuma wanda ya tsira daga bugun zafi mai tsanani, irin wanda muke tsoro a watannin Afirilu da Mayu, zai iya tashi da tangaɗi saboda jan layi ya mutu, dokin ya rasa linzami. Giya ta shekaru tana cin gaban tsutsa, shi ya sa tafiya take fara lalacewa kafin hannu. Fenitoyin, maganin farfaɗiya, idan ya yi yawa a jini yana kawo tangaɗi da rawar ido. Metronidazol, wanda mutane suka sani da Flagyl, idan aka daɗe ana shan sa da yawa yakan taɓa mai haƙora ta gefe biyu, ana ganin haka a hoton na'urar maganaɗisu, wato IRM, kuma galibi yana gyaruwa idan aka dakatar da maganin. Don haka kada ku bar tambayar abin da majinyaci yake sha, har da wanda ya saya da kansa.

Akwai yanayi guda da ba ya jiran a buɗe takarda. Zubar jini a ƙaramar ƙwaƙwalwa ga mai hawan jini yawanci a wajen mai haƙora yake farawa, inda rassan jijiyar jini ta sama suke ciyar da ita. Mutum ya kamu da ciwon ƙeya farat ɗaya, yana amai, ya kasa tsayuwa, alhali ƙarfin gaɓoɓinsa yana nan: wannan a kai shi sikanar nan take, a sanar da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, domin gudan jinin yana iya toshe kogo na huɗu ya danne kututture cikin ƴan awoyi. A sauran lokuta kuwa, kafin ku kalli hoton kowane majinyaci, ku fito da takardar, ku sa gicciye da fensir a inda kuke zaton ciwon yake, ku rubuta dama ko hagu, sannan ku ɗaga hoton ku gwada.